Tocilar Baba da tawa: wacce za ka ɗauka zuwa fadama?

1/
Zare ne mai ɗan tsawo, mai sauri ya wuce abinsa 🧵
Maganar tocila zan yi. E, tocila dai da ka sani. Na san akwai wanda ya riga ya fara rubuta "ba ga ta nan a waya ba?" Ajiye hannunka, zan zo kanka.

2/
Tocila goma sha ɗaya gare ni masu aiki, ban da gawarwakin da ke cikin kwali a ƙarƙashin gado. Wani takalma yake tarawa, wani tattabaru, ni nawa ciwon ke nan. Inna ta ce da tunkiya na saya da kuɗin, da yanzu ina da garke. Ban musa ba.

3/
Tun da na saka hoton tsohuwar tocilar Baba shekaranjiya, tambaya ɗaya ke ta shigowa: tsohon yayi ko sabo, wanne ya fi?
Amsata a taƙaice: in ka je saye, kada ka fara duba kanta. Juya ta ka duba gindinta. Yana buɗewa a ciro batir? In ba ya buɗewa, ajiye musu abinsu, ko da haskenta zai kai Ambursa daga nan Gwadangaji.

4/
Ba a littafi na samo wannan ba. Saura ƙiris a ƙafata in koye shi.

5/
Ranin bara muna ban-ruwan shinkafa a fadama. Wanda ya san aikin ya san sau da yawa dare ake bi: rana ta yi zafi, ga shi ba ka barin inji shi kaɗai a daji sai in ka gaji da shi. Wajen ƙarfe ɗaya muka gama. Ƙanina ya kwana wurin inji, Baba ya tsaya naɗe tiyo, ni na yo gaba.

6/
A hannuna sabuwar tocila, wata uku da saye. Baƙa, mai sheƙi, an rubuta lumen 100000 a kwalinta. Irin wadda in ka haska sama sai ka ga sandar haske kamar za ta huda gajimare. Na sha yi wa abokai burga da ita a majalisa.

7/
Daidai inda hanya ta bar laka ta hau tudu, wurin busasshiyar ciyawa, sai ta ɗauke. Ba ta rage ba, ba ta yi ja ba. Ɗif. Kuma idon da ya saba da wannan farin hasken, in ya ɗauke, makaho ne kai na ɗan lokaci. Ko tafin hannuna ban gani.

8/
Sai na ji ƙara a cikin ciyawa, kamar ana murza busassun ganye. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan ƙarar: kububuwa ce ke goga jikinta da jikinta in an matsa mata. Ita kuma ba ta cika gudu da wuri ba.
Waya tana shagon caji. Silifas ne a ƙafata.

9/
Na ƙame. Ko minti biyu ne ko goma, Allah masani. Ina ta danna maɓalli kamar zai ji tausayina. Addu'ar da na haddace da wadda na manta rabinta, duk na karanto.

10/
Can sai ga wani ɗan haske ja-ja yana tahowa yana rawa. Tocilar Baba. Ta ƙarfe, mai batir uku, ta girme ni. Wadda nake yi wa dariya ina cewa ashana ta fi ta. Da wannan hasken ya hango abar tana sulalewa cikin ciyawa, bai fi taku biyu daga inda nake tsaye ba.

11/
Bai yi faɗa ba. Sai da muka kusa gida ya ce:
"Wagga taku ta zamani ba ta da ladabi. In ta tashi tahiya ba ta sallama. Tawa kau kwana ukku taka yi tana bankwana."

12/
Dariya na yi a lokacin, dariyar wanda gwiwarsa ke rawa. Daga baya na gane maganar injiniyoyi ce tsantsa ya yi. Tsohuwar tocila abu uku ce: batir, maɓalli, ƙwai. In batir na raguwa, zaren da ke cikin ƙwan yana rage zafi, haske ya tashi daga fari zuwa rawaya zuwa ja. Da idonka kake ganin abin da ya rage maka.

13/
Sabuwa kuwa akwai ɗan allon lantarki a cikinta. Aikinsa ya riƙe hasken daram ko batir ya fara kasawa, sannan in ya kai wani mizani ya yanke wutar gaba ɗaya don kada batirin litiyam ya lalace. Masu kyau suna gargaɗi: su sauke haske mataki-mataki, ko su kunna ɗan jan ɗigo. Da yawa daga masu araha ba ruwansu. Kana tafiya, su tafi.

14/
Wannan ma da sauƙi da a ce zan iya kwance gindinta in zura wani batir daga aljihu. To a liƙe take. Maganinta guda, a kai ta inda akwai wuta. A fadama. Ƙarfe ɗaya na dare.

15/
Amma kada 'yan "kayan da sun fi" su fara tafi, don yanzu zan ɓata musu rai.
A wajen haske, tsohuwa ba ta ko kama ƙafar sabuwa. Ƙwai mai zare, fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake zama. Wato batirinka na ƙarewa ne wajen ɗumama gilashi. LED na iya ba ka wajen ninki goma na hasken da wuta iri ɗaya.

16/
Ɗauko tocilarka a kashe, ka leƙa ƙwan. Ka ga ɗan ɗigon rawaya? A ƙarƙashinsa shuɗin LED ne, wannan shafen rawayan ke mayar da hasken fari. Shuɗin nan ne ya gagari masana shekara da shekaru, har sai da Akasaki, Amano da Nakamura, 'yan asalin Japan, suka ci nasararsa. A kansa aka ba su kyautar Nobel ta 2014.

17/
Kwamitin da ya ba su kyautar har ya ambaci mutanen da layin lantarki bai kai gare su ba. Mu ke nan, ko da ba su san sunan garinmu ba.

18/
Kun tuna fitilar nan ta katako, da faifan CD a matsayin madubi, da 'yan ƙwayayen LED da aka jera, wadda aka laƙaba wa sunan wani tsohon shugaban ƙasa? Ita ta fara korar fitilar ƙwai da aci-balbal daga teburin mai shayi da faifan mai ƙosai. Ba don kyau ba. Don batir yana daɗewa a cikinta, kuma ba kananzir, ba hayaƙi.

19/
Tsohuwar tocila kuwa rijiyar batir ce. Wanda ya yi zamani da ita ya san dabarun talauci: a shanya Tiger Head a rana, a ɗan bubbuga shi da dutse, a juya guda ɗaya baibai da rana don kada ta kunna kanta, a cusa takardar azurfa ta kwalin taba in sifirin ya saki. Duk don a ƙara dare ɗaya.

20/
Ka manta batura a ciki damina guda, ka buɗe ka tarar da farin gari da tsatsa sun cinye cikin. Ta faɗi tana kunne, zaren ƙwai ya tsinke. Shi ya sa wasu ke da ɗan gurbin ajiye ƙwai na biyu a murfin gindi. Ga kuma wannan baƙin ramin a tsakiyar hasken, daidai inda kake son gani.

21/
Kuma masu cewa "ta Baba ta shekara talatin, naku wata uku", a yi adalci. Ta Baba ce ta rayu, shi ya sa kuke ganinta. 'Yan uwanta na gwangwani da aka sayo tare, tuni sun ruɓe a juji, ba mai saka hotonsu. A da ma akwai tarkace. Tarkacen dai ba ya kai labari.

22/
To mene ne ya raya ta Baba? Ba ƙarfin ƙarfe kaɗai ba. Duk abin da ke mutuwa a jikinta ana iya cire shi a sa wani. Batir ya ƙare, kowane kanti akwai, daga babbar kasuwar Birnin Kebbi har teburin ƙauyen da mota ba ta zuwa. Ƙwai ya ƙone, a canja. Maɓalli ya yi tsatsa, a kankare. Gilashinta ma ba na asali ba ne, mai gyaran rediyo ya yanko mata.

23/
Wannan halin nake nema a sabuwa. Kuma akwai shi, sai dai kasuwa ta fi cika da marasa shi.

24/
Mu fara da wadda ta fi yawa a gidajenmu: ta roba, mai haƙora biyu da ake turowa a soka a bango. Yawancinsu ɗan batirin dalma ne a ciki, ƙanin na mota. Irin wannan batir abin da ya tsana shi ne a bar shi ba caji. Kwana uku ba wuta, yara sun tsotse ta har ta mutu, ta kwanta a haka: duk lokacin da aka yi haka, wani yanki na ƙarfinsa ya tafi ke nan.

25/
Sannan da yawansu ba su san ƙoshi ba. An kawo wuta ka soka, ka yi barci, tana ta sha har safe. Yunwa na kashe ta, ƙoshi na kashe ta. Shi ya sa kowane gida akwai kwandon gawarsu. In ita gare ka: kada ka bari ta mutu ɗif kafin ka yi caji, kuma kada ta kwana a bango.

26/
Sai irin tawa ta daren kububuwa: litiyam, cajin USB, amma a liƙe. Da daɗin amfani, ba musu. Sai dai ranar da batirin ya gaji, ƙwan LED ɗin da zai iya shekaru yana aiki zai bi shi bola. Kamar ka jefar da babur don taya ta yi faci.

27/
Wadda nake so ita ce mai cin batir 18650, wanda ake cirewa. Sunan ma awo ne: faɗi milimita 18, tsawo 65. Shi ne a jere cikin batirin tsofaffin kwamfutocin hannu. Ka samu guda biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a ajiye da caji. Ta mutu a hanya, ka kwance, ka canja, ka ci gaba. Ga hasken zamani, ga halin ta Baba.

28/
Nan ma a buɗe ido. 18650 na ƙwarai daga irin su Samsung, LG da Panasonic yana tsakanin mAh 2500 da 3500. In ka ga an rubuta 9900, ba sabon ilmi aka gano ba, ƙarya ce aka buga da launi. Ɗaga shi a hannu. Na gaske yana da ɗan nauyi, wajen giram 45. Na bogi sakayau yake kamar kara.

29/
Haka lumen. Ƙwan babbar fitilar mota irin na da yana ba da wajen 1000 zuwa 1500. Sai a ce maka abin da ke shiga aljihun riga yana ba da 100000, kuma kuɗinsa bai kai na buhun gawayi ba. Ni ma na saya, don haka ba gori nake ba. Araha ba ta ado.

30/
Ko masu kyau da ke kai 1000 da gaske, 'yan mintuna suke yi a haka, kai ya yi zafi, su sauko da kansu. Kuma tsakani da Allah me za ka yi da shi? Tafiyar ƙafa a hanyar gona, 100 zuwa 200 ya ishe ka ganin abin da ke gabanka. Cikin ɗaki ko 20 ya yi. Tambayar da ta dace ka yi wa mai kanti: awa nawa take yi a ƙaramin haske?

31/
Wani abin haushi: yanayi biyar a maɓalli ɗaya. Ka danna, babba. Ka ƙara, matsakaici. Ka ƙara, ƙarami. Ka ƙara, ta hau walƙiya kamar gidan biki. Kafin ka kashe sai ka zagaye duka. Na taɓa watsa wa 'yan sintirin unguwa wannan walƙiyar bisa kuskure ƙarfe biyu na dare. Bayanin da na sha yi, Allah kaɗai ya sani 😅
Ta Baba: tura sama, ja ƙasa.

32/
Launin haske ma ba ado ba ne. Lokacin hunturu in hazo ya sauka, wannan fari mai shuɗi-shuɗin yana bugun ƙura ya dawo maka ido, ka ga farin bango a gabanka. Mai ɗan rawaya ya fi sauƙi a ido. Kuma ƙwari sun fi bin fari. Je ka bakin gulbi da damina da farar fitila a goshi, ka buɗe baki ka yi magana, za ka ba da labari.

33/
Tunda na ambaci ta goshi: a nan sabon yayi ya yi wa tsoho fintinkau, ba gardama. Masunci a cikin kwalekwale yana jan taru, manomi yana buɗe bakin fangali, mai faci yana aiki bayan isha'i, duk hannu biyu suke buƙata. A da da baki ake cije tocila ko a maƙale ta a wuya. Mutanen Argungu ba ranar biki kaɗai suke shiga ruwa ba, tambaye su me fitilar goshi ta canja.

34/
Yanzu kai mai waya. Na ce zan zo kanka.
Tun Nokia 1100 ta 2003 muka saba da waya mai tocila, kuma don neman makulli ko zuwa bayan gida ta isa. Amma fitilar waya ba ta da kwanon da ke tara haske ya harba nesa, watsuwa take yi. Taku goma, ta gaza.

35/
Babban abin ma ba nan yake ba. Daren da ka fi buƙatar haske, shi ne daren da ka fi buƙatar kira: mara lafiya, haihuwa, ɓarawo, babur ya mutu tsakanin Zauro da gida. Kana ƙona cajin da za ka kira taimako da shi don ka ga hanya. Ni ba na haɗa su a tukunya ɗaya.

36/
Gargaɗi ga wanda zai bi shawarata ya koma 18650, don kada gobe a ce ni na ja. Batirin nan ba Tiger Head ba ne. Kada ka jefa shi tsirara a aljihu tare da makullai. In ƙarfe ya haɗa kansa da gindinsa, wuta ce. In rigar robarsa ta yage, a sake masa ko a bar shi. Ba a bubbuga shi, ba a shanya shi a rana.

37/
Ga zafinmu kuma. Watan Afrilu a Kebbi ana haura digiri 40 a inuwa. Cikin akwatin babur ko kan taga ƙarƙashin kwano ya fi haka nesa, kuma zafi na tsufar da litiyam da wuri. Nawa a cikin ɗan gwangwanin roba suke, a ƙasa, kusa da randa.

38/
Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ko zai saya wa tsohuwa a ƙauye inda caji sai an aika: nemi LED mai cin batir na kanti, manya ko ƙanana, mai maɓalli ɗaya. Ba burga, ba USB. Batura biyu su kai ta makonni, kuma yawancinsu a hankali suke dushewa. Ita na saya wa Inna, ita ce kuma ba a taɓa kawo mini ƙararta ba.

39/
Ni abin da nake fita da shi fadama yanzu: ta goshi don aiki, ta hannu mai 18650 don hanya, batir ɗaya na ajiya a robarsa. Da takalmin roba mai tsawo. Wannan na ƙarshen ya fi duk tocilolin amfani, kuma na ji kunyar daɗewar da na yi ban saya ba.

40/
Saura ta Baba. Akwai ƙwan LED da ake yi daidai gurbin tsohon ƙwai, ka cire wancan ka sa wannan. Na yi oda, ya iso, na faki ido na sa mata. Haske ya ninka, baƙin ramin nan ya ragu, batura uku suka wuce wata ba a canja ba.

41/
Ya kunna, ya haska bango, ya haska tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo.
"Kai, mi ka yi mata?"
Na ce, Baba gyara na yi, yanzu ba za ta riƙa cin batir ba.
Ya ce, "Ta koma hasken asibiti. Maido min ƙwaina."

42/
Na mayar masa. Amma na lura ranar da zai kwana wurin inji, da kansa yake cewa in sa mata "na asibitin". Tsohon ƙwan yana naɗe a takarda cikin aljihunsa.

43/
Don haka ina cigiya: duk wanda ya san inda zan samu irin wannan ƙwan LED ɗin mai launin rawaya, na tocila mai batir uku, a Sakkwato ko kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya taɓa ni a akwati. Guda biyu nake so, kafin a fara ban-ruwan bana.